Amsoshin Tambayoyinku: Daren da Sanyi Ya Fitar da 'Yan Wasa Biyu daga Fili

Jama'a, sallama. A ranar Laraba 2 ga Fabrairun 2022 ne Senegal ta doke Burkina Faso da ci 3-1 a Yawunde ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka, kuma tambayoyinku a kan wannan gasa suna nan na ajiye su sai fitowa ta gaba. Yau wani wasan daban za mu tattauna, wanda aka buga a wannan daren a birnin Saint Paul na jihar Minnesota a Amurka, domin tun da hotunansa suka zaga wayoyi saƙonni ba su daina shigowa ba.

Ga wanda bai gani ba: Amurka ce ta karɓi baƙuncin Honduras a filin Allianz, a wasan neman gurbin shiga gasar cin kofin duniya ta Katar. Ta ci 3-0. Weston McKennie ya fara zurawa a minti na 8, Walker Zimmerman ya ƙara a na 37, Christian Pulisic ya taso daga benci ya rufe a na 67. Amma ba ƙwallayen ake magana a kai ba. An tafi hutun rabin lokaci, 'yan wasan Honduras biyu ba su dawo ba, wato mai tsaron ragarsu Luis López da ɗan gaba Romell Quioto, kuma hukumar ƙwallon ƙasarsu ta ce tsananin sanyi ne ya hana su.

TAMBAYA: Malam, ni fa ban gane wannan kururuwar ba. A jikin talabijin na ga an rubuta digiri 3. Ai a Firimiya ana buga wasa a digiri 3 duk watan Disamba, ba wanda ya taɓa faɗuwa. Ko dai 'yan Honduras sun ga ana lallasa su ne suka fake da sanyi?
Daga wani mai goyon bayan Arsenal

AMSA: Ɗan'uwa, 3 ɗin da ka gani ba irin ta Ingila ba ce. Amurkawa da ma'aunin Faranhait suke auna zafi da sanyi, yawancin duniya kuwa da Salshiyas. A Salshiyas ruwa yana daskarewa a kan sifili, a Faranhait kuwa a kan 32. In kana son mayar da nasu zuwa wanda ka saba, cire 32 daga lambar, ka ninka abin da ya rage sau 5, ka raba gida 9. Yi wa 3 haka ka gani: za ka tarar da kanka a digiri 16 ƙasa da sifili. Ita kuwa 3 ta Ingila, a ma'aunin Amurkawa 37 ce. Firizar da ake ajiye nama a ciki, a digiri 18 ƙasa da sifili ake saita ta. To ka ga taki biyu ne ya raba filin nan da cikin firiza.

Sannan ga iska. Jikin mutum yana ɗumama 'yar iskar da ke manne da fatarsa, ita ce ke ɗan kare shi. Da zarar iska ta kaɗa sai ta kwashe wannan ɗumin, jiki ya sake ɗumama wata, ta sake kwashewa. Shi ya sa masu hasashen yanayi ke ba da lamba biyu, ta ma'auni da kuma wadda fata ke ji. A daren nan ta biyun ta wuce digiri 20 ƙasa da sifili.

Batun fakewa kuwa, ka sani mai tsaron ragar ƙasa ba ya barin gurbinsa da wasa. In ya fita wani ya shiga ya yi kyau, shi ke nan.

TAMBAYA: Don Allah wannan ba mugunta ba ce? Ƙasa kamar Amurka, mai filaye rufaffu, mai jihohi masu ɗumi irin su Florida da Kalifoniya, ta rasa inda za ta kai baƙinta sai cikin ƙanƙara? Yaran nan 'ya'yan wasu ne fa. Ni a ganina FIFA ta soke wasan ta ba Honduras maki uku.
Daga wata uwa da ke kallon ƙwallo tare da 'ya'yanta

AMSA: Hajiya, ranki ya daɗe, tambayarki gida biyu ce. Akwai ko sun karya doka, akwai kuma ko sun kyauta. Ba su karya doka ba. A wasannin neman gurbi mai gida ne ke zaɓen filin da zai karɓi baƙo, matuƙar filin ya cika sharuɗɗa, kuma filin Allianz sabo ne fil a lokacin, a 2019 aka buɗe shi.

Dalilin da ya sa Amurka ke gudun jihohin ɗumi ba ɓoyayye ba ne. Biranen irin su Los Angeles da Houston da Miami cike suke da mutanen da suka yi ƙaura daga Meziko da Honduras da El Salvador da maƙwabtansu. In aka kai wasa can, su ne ke saye tikiti, sai ƙungiyar Amurka ta wayi gari baƙuwa a gidanta, ana yi mata ihu. Maganin da suka samo shi ne ƙananan filaye a arewa. Tun ranar 28 ga Fabrairun 2001 suka ɗanɗana daɗin abin, lokacin da suka ja Meziko zuwa Columbus ta jihar Ohio cikin sanyi suka ci ta 2-0. A wannan karon sun ƙara da wata hujja: wasa uku ne cikin mako guda, Columbus ranar 27 ga Janairu, Hamilton ta Kanada ranar 30, sai Saint Paul, don haka suka ce gara tafiya ta zama gajera kuma yanayin ya zama iri ɗaya. Filaye rufaffu da kika ambata, akwai wani babba a Minneapolis, maƙwabciyar Saint Paul, sai dai ciyawar roba ce a cikinsa, su kuma ciyawar gaske suke so.

Kuma kada mu ɗauka Honduras ba ta san wannan sana'ar ba. Ranar 6 ga Fabrairun 2013 ta karɓi Amurka a San Pedro Sula, ta sa wasan da rana tsaka cikin zafi da gumi, ga 'yan wasan Amurka da dama sun taso ne daga hunturun Turai. Ta ci 2-1. Irin wannan ne kocin Amurka na lokacin Gregg Berhalter ya kafa hujja da shi bayan wasan Laraba, ya ce su ma in sun je ƙasashen nan zafi ke gasa su har ruwan jikinsu ya ƙare, kuma haka gasar yankin take. Bolibiya kuwa a La Paz take karɓar baƙi, birnin da ke kan tsauni wajen mita 3,600, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya. A 2007 FIFA ta hana buga wasannin ƙasa da ƙasa a wurin da ya haura mita 2,500, shugaban ƙasar na lokacin Evo Morales ya tashi tsaye, Maradona ya mara masa baya, a 2008 aka janye dokar. Shekara guda bayan haka Maradonan ya kai Ajantina La Paz a matsayin koci, aka zuba masa 6-1. Kowa da makamin da ƙasarsa ta ba shi.

To amma ni ban ce sun kyauta ba, kuma a nan muna tare da ke. Takura wa baƙo daban, kai shi gadon likita daban. Kocin Honduras na lokacin Hernán Darío Gómez ya ce bayan wasan yana da 'yan wasan da ake yi wa ƙarin ruwa a ɗakin canza kaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ita kanta hukumar ƙwallon Amurka tana da rubutacciyar shawara ga ƙungiyoyinta: in sanyin da fata ke ji ya gangara ƙasa da sifili a Faranhait, wato wajen 18 ƙasa da sifili a Salshiyas, a fasa wasa ko a koma cikin rufaffen wuri. Daren Laraba ya wuce wannan layin. Kuma Minnesota United, ƙungiyar da ke da filin, ba ta buga wasa a cikinsa a farkon Fabrairu, domin gasarsu ma sai ƙarshen watan take farawa.

Sannan wa ake tsoro? Kafin wasan Honduras ce ta ƙarshe a teburin neman gurbi na yankin, maki 3 daga wasa 10, ba ta ci ko ɗaya ba. A watan Satumbar 2021 Amurka ta bi ta har San Pedro Sula ta ci ta 4-1. Ƙungiyar da a lokacin take da ɗan wasa a Chelsea da wani a Juventus ba ta buƙatar ƙanƙara ta taya ta wannan faɗan. Ga Nashville, ga Austin, ga Cincinnati, duk ta buga wasannin wannan zagayen a cikinsu kuma ba a ci ta ba. In ma an lura, sanyi gwani yake cuta, domin shi ne mai son ƙwallo a ƙafa. Duka ƙwallaye ukun nan daga bugun tazara da kwana suka fito, daga ƙafar Kellyn Acosta. Wannan kaɗai ya isa ya gaya miki irin wasan da aka iya bugawa.

Maki uku kuwa, Hajiya, kada ki sa rai. Dalilin yana cikin amsar da zan ba mai koyon alƙalanci a ƙasa.

TAMBAYA: Yaya, ni gola ne a ƙungiyar matasa. Me ya sa mai tsaron raga ne ya fara jigata, alhali shi ya fi kowa kaya a jiki, har da safar hannu?
Daga wani matashin gola

AMSA: Ƙanena, kaya ba sa haifar da ɗumi, riƙe wanda jiki ya yi kawai suke yi. Mai haifar da shi tsoka ce in tana aiki. Ɗan tsakiya yana cin kilomita 10 zuwa 12 a wasa guda, jikinsa na ta hura wuta. Kai kuwa wajen rabin haka kake ci, mafi yawa ma tafiya ce da tsayuwa. Ka yi tsalle ka faɗi a kan ciyawa mai laima, ka ɗan yi gumi, sannan ka tsaya minti goma iska na dukan jiƙaƙƙiyar riga. Babu abin da ke zuƙe ɗumin jiki da sauri kamar jiƙaƙƙen tufa.

Jiki yana son zafin cikinsa ya tsaya wajen digiri 37. In sanyi ya matsa, abu na farko da yake yi shi ne tsuke hanyoyin jinin da ke zuwa yatsu da kunne da hanci, ya tara jinin a ƙirji da ciki don ya tsare zuciya da sauran kayan ciki. Shi ya sa yatsu ke fara sandarewa, kuma in abin ya daɗe naman wurin na iya daskarewa har ya mutu. Daga nan sai karkarwa, wadda ita ma dabarar jiki ce ta tilasta wa tsoka aiki. In zafin ciki ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari: magana ta fara sarƙewa, tunani ya yi nauyi, mutum ya riƙa tuntuɓe. Abin tsoron shi ne mai wannan halin sau da yawa ba ya gane yana cikinsa, zai ce maka lafiyarsa lau. Don haka likitan ƙungiya ne ya kamata ya yanke hukunci, ba ɗan wasa ba.

Safar hannunka kuma don kama ƙwallo aka yi ta. Robar tafinta tana shan ruwa, kuma da yawanku ma jiƙa ta kuke yi don ta ƙara kamu. A irin wannan daren jiƙaƙƙiyar safa abokiyar gaba ce.

Golan Amurka Matt Turner ma bai sha da daɗi ba, shi da kusan babu abin da ya taɓa duk wasan. Ya shigo da wata 'yar jakar ɗumama hannu ɗaure a ƙugu, irin ta 'yan wasan zari-rugar Amurka, alƙalin wasa ya sa ya cire ta. Sai aka riƙa ganinsa yana ta kai-komo a gaban ragarsa shi kaɗai don kada ya sandare. Bambancinsa da López shi ne a arewa maso gabashin Amurka ya tashi, ya san yadda ake shirya wa irin wannan daren, ga kuma hukuma mai kuɗi da ta tanadar masa kaya tun da wuri.

TAMBAYA: Ina koyon alƙalancin wasa. Shin akwai digirin da in an kai shi dole a busa a tashi? Kuma alƙali na da ikon tsayar da wasa don sanyi?
Daga wani mai koyon alƙalanci

AMSA: Malam, a cikin dokokin ƙwallo 17 babu inda aka rubuta lambar sanyi. Doka ta 5 ta bar wa alƙali ikon dakatar da wasa ko watsar da shi in ya ga halin fili ko yanayi bai ba da damar ci gaba ba. A aikace abin da alƙalai ke dubawa shi ne: ana ganin layuka? Ƙwallo na gangarawa? Ƙasa ta daskare ta yi tauri? In amsoshin nan sun yi daidai, da wuya ka ga wanda zai tashi wasan neman gurbin kofin duniya, ga 'yan kallo sama da 19,000 sun biya kuɗi, ga gidajen talabijin sun sayi lokaci.

Dubi abin da ya faru ranar 22 ga Maris 2013 a kusa da Denver ta jihar Colorado. Amurka da Kosta Rika, dusar ƙanƙara na zuba kamar da bakin ƙwarya, ma'aikata na shigowa da shebur suna tono layuka ana cikin wasa. Clint Dempsey ya ci a minti na 16. Alƙalin wasa Joel Aguilar ɗan El Salvador ya ɗan tsayar da wasan bayan an dawo hutu, aka yi shawara, aka ci gaba, aka tashi 1-0. Kosta Rika ta kai ƙara FIFA, FIFA ta yi watsi da ita, ba don ta ce yanayin ya yi kyau ba, sai don ba a bi ƙa'idar shigar da ƙorafi ba. Ka riƙe wannan da kyau tunda sana'arka ce: kyaftin ne zai shigar da ƙorafin fili ga alƙali nan take, a gaban kyaftin ɗin ɗaya ɓangaren, sannan a bi shi da takarda cikin lokacin da aka ƙayyade. In an tashi an yi wanka sannan aka tuna, an makara.

Akan watsar da wasa, amma dusar ƙanƙara ce ke sa wa, ba sanyi tsagwaronsa ba. Ranar 10 ga Disambar 2013 a Istanbul an tsayar da Galatasaray da Juventus bayan kamar rabin awa, aka ƙarasa washegari a fili mai kama da gonar da aka yi wa huɗa, Wesley Sneijder ya ci a minti na 85, Juventus ta fice daga gasar zakarun Turai.

Masu lamba su ne waɗanda suka san sanyi. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta sa digiri 15 ƙasa da sifili a matsayin iyakar da za a iya ɗage wasa in ƙungiyoyin biyu ba su amince su buga ba, gasar Rasha ma da wannan lambar take aiki. Da a ƙarƙashin wannan ƙa'idar aka buga wasan Laraba, Honduras na da bakin cewa a'a.

Abin da ke damuna shi ne an yi wa zafi tanadi an bar sanyi. Akwai hutun shan ruwa in zafi ya kai wani mataki, an fara ba da shi a hukumance a kofin duniya a wasan Holan da Meziko a Fortaleza a 2014. Kofin duniyar 2022 ma ɗungurungum aka ɗauke shi daga Yuni aka kai Nuwamba saboda zafin Katar. Sanyi kuwa an bar shi a wuyan mutum ɗaya mai usur.

TAMBAYA: Yaro, 'yan ƙwallon yanzu ragwaye ne. A zamaninmu wa ya san safar hannu da hula a fili? Na ga ma wasu 'yan kallo a Minnesota sun tuɓe riga suna murna. In ɗan kallo zai iya, me zai hana mai karɓar miliyoyi?
Daga wani dattijo da ya daɗe yana bin ƙwallo

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan ja da kai. Mazan jiyan ma ba su buga a kan ƙanƙara ba, ɗagewa suka yi. A hunturun 1963 zagaye na uku na kofin FA a Ingila, wanda aka saba gamawa a ƙarshen mako guda, kwana 66 ya ɗauka. An fara 5 ga Janairu, ba a kammala ba sai 11 ga Maris. Rashawa kuwa, da ba wanda zai koya musu sanyi, rufe gasarsu suke yi a Disamba sai wajen Maris su dawo. Duk shekarun da Ahmed Musa ya yi a CSKA Moscow daga 2012, a cikin wannan tsarin ya buga. Norwe da Suwidin ma daga bazara zuwa kaka suke tasu gasar.

Ra'ayinka dai yana da manyan magoya baya. Lokacin da Carlos Tevez da Samir Nasri suka yayi wani ƙyallen rufe wuya a Firimiya, Alex Ferguson ya hana 'yan wasansa sawa, kuma a Maris 2011 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta haramta shi, bisa hujjar ana iya finciko mutum ta wuya. Safar hannu dai halal ce. Dogon wando na ciki ma halal ne, in launinsa ya dace da na gajeren wandon. A daren Laraba an ga 'yan wasa da hular da ta rufe kai da kunne da wuya, ban kuma ji wanda ya kira su ragwaye a cikin waɗanda ke filin ba.

Irin wannan tunanin ne ya haifi maganar nan da ta zama abin tsokana, wadda mai sharhi Andy Gray ya yi a Disambar 2010, cewa Messi zai sha wuya in aka kai shi Stoke a daren sanyi. Messin nan ya ci Dynamo a Kiev a Disambar 2009, ya kuma zura biyu a ragar Spartak a Mosko a Nuwambar 2012. Stoke ba ta kama ƙafar waɗannan biranen a sanyi ba.

Su kuma masu tuɓe riga, Baba, ka lura da tsawon lokacin da suke yi a tuɓe. Kyamara ta juyo, a cire, a buga ƙirji, kyamara ta wuce, a mayar da rigunan sanyi hawa-hawa. Magoya bayan Newcastle sun yi suna a wannan. Da yawa kuma sun sha barasa kafin su shigo, ita kuwa buɗe hanyoyin jinin fata take yi, mutum ya ji ɗumi alhali ɗumin fita yake yi daga jikinsa. Ɗan kallo in ya ji ba daɗi sai ya tashi ya nemi wurin fakewa, ko ya tafi gida abinsa. Mai tsaron raga ba shi da wannan zaɓin sai an busa.

TAMBAYA: Abu biyu suka ɗaure min kai. Ciyawar filin kore shar take duk da wannan sanyin, kuma ƙwallon kamar ba ta tashi yadda ta saba. Idona ne?
Daga wata ɗaliba mai karatun kimiyya

AMSA: 'Yar'uwa, idonki lafiya lau. A ƙarƙashin ciyawar akwai bututu da ke ɗumama ƙasa don kada ta daskare. Dabarar ta tsufa, Everton ce ta fara sa wa filinta na Goodison Park na'urar ɗumama ƙasa a 1958. Sai dai ƙasa take ɗumamawa, ba mutanen da ke kanta ba.

Ƙwallo kuwa, wannan darasin ajinku ne. Iska tana tsukewa in ta yi sanyi. Doka ta 2 ta ce matsin iskar ƙwallo ya kasance tsakanin 0.6 da 1.1 a ma'aunin atmosfiya. A ce an buga mata iska zuwa 0.8 a ɗaki mai digiri 20, aka fito da ita fili mai 16 ƙasa da sifili ta daɗe. Haɗa da matsin iskar waje ya zama 1.8, ninka da 257, raba da 293, wato zafin wuraren biyu a ma'aunin Kelbin, sannan ki cire 1. Za ki samu wajen 0.58. Ƙwallon da ta fito ɗaki a kan doka ta koma ƙasa da doka ba wanda ya taɓa ta. Shi ya sa mai hankali a waje yake auna ta. Ƙari a kan haka fatarta na yin tauri, ba ta dawowa da sauri in an buga, kuma iska mai sanyi ta fi kauri, tana ɗan riƙe ta a sama. In ta daki cinyar da ta riga ta sandare kuwa, sai wanda ya ji.

TAMBAYA: Kai dai ka cika ƙorafi. Ni wasan ƙanƙara ya fi min kowane daɗi. Ka manta Kanada da Meziko? Kuma wa kake ganin zai samu gurbi a yankin?
Daga wani mai goyon bayan Chelsea

AMSA: Aboki, ban manta ba, kuma ni ma na ji daɗinsa. Ranar 16 ga Nuwambar 2021 a Edmonton, digiri 9 ƙasa da sifili, mutum sama da 44,000, Cyle Larin ya ci biyu aka tashi 2-1. Bayan ƙwallo ta biyu Sam Adekugbe ya rugo ya yi sufa cikin tarin dusar ƙanƙarar da aka share gefen fili. Wannan hoton zai daɗe. Kai ma ɗan Chelsea kana da naka: Oktoban 1997 a Tromsø ta arewacin Norwe, ana tsayar da wasa ana share layuka, kocinku na lokacin Ruud Gullit na ta faɗa a bakin fili, aka ci ku 3-2 duk da biyun da Vialli ya zura. Kuka rama da 7-1 a Landan, kuka kuma ɗauki kofin wannan gasa ta Turai a ƙarshen kakar. Amma a Edmonton da Tromsø kowa da ƙafarsa ya fita. Tsakanin 9 da 16, ga iska a kai, akwai tazara.

Teburi bayan wasannin 2 ga Fabrairun 2022: Kanada 25, Amurka 21, Meziko 21, Panama 17, Kosta Rika 16. Uku na sama su wuce kai tsaye, ta huɗu ta je wasan cike gurbi da wata nahiyar. Kanada, wadda a lokacin rabonta da kofin duniya tun 1986, ta riga ta sa ƙafa ɗaya a Katar. Amurka ce aikinta bai ƙare ba a lokacin. An tsara ranar 24 ga Maris 2022 ta hau filin Azteca na birnin Meziko, mita 2,200 a sama. Ranar 27 ta karɓi Panama, kuma ka san inda ta zaɓa? Orlando, a Florida mai ɗumi. Ranar 30 ta rufe da Kosta Rika a San José, inda bayan wasan ƙanƙarar 2013 aka tare ta da ihu tun daga filin jirgi aka kuma ci ta 3-1. Hasashena a lokacin shi ne za ta wuce, amma in ta bari lissafi ya kai daren ƙarshe, ba a wurin mutanen San José za ta nemi sassauci ba.